Cinyar Gadar Bara

Ranar da likita ya gaya wa Baba Modu gaskiya game da idonsa, a adaidaita sahu muka dawo, muka sauka a bakin lungunmu na Koki. Sai da ya tuɓe takalmi a soro sannan ya ce, "Ɗayyabu, sauko min da bindiga."

Na ce, "Baba, ko ruwa ba ka sha ba."

"Ruwa na ce ka sauko min da shi?"

Na taka kujera na sauko da ita. Bindigar toka ce, ta girme ni, kuma tun ina yaro a kan ƙusa biyun nan take kwana. Baba Modu mahaifina ne. Kakanninmu daga Barno suka zo da fataucin hula, har yau kuma hular ce abincinmu, ni nake wankinta da gugarta a ƙofar gida. Amma Baba, in ka kira shi mai hula zai amsa maka ne kawai. In ka kira shi maharbi, nan za ka ga haƙoransa.

Idonsa na hagu ya tafi shekara uku da suka wuce. Na dama kuma, in ji likita, ba yana ba ce da za a cire, jijiyar ce take mutuwa a hankali. Ya rubuta maganin ɗigawa, ya ce zai rage wa abin gudu amma ba zai tsayar da shi ba. Baba ya tambaye shi ko zai kai damina da idon. Likita ya yi ta jujjuya biro a hannu, bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Baba ya ɗora bindigar a cinya yana shafa ta da tsumma. Ya ce, "Bana zan shiga Fadamar Gawasa. Sau ɗaya nake so. In zauna in ga gada ta sauko ruwa da idona. In na samu in harba, in ban samu ba dai na gani. Ka je ka nemo mana izini."

Na ce to. Amma ban so zuwa ba, kuma zan faɗi dalili.

Fadamar Gawasa tana kudu da birni, tafiyar awa biyu da wani abu in ka hau mota a Ƙofar Nassarawa. Ba dajin gwamnati ba ne, ba kuma na kowa da kowa ba. Ƙasan gonar wani dattijo ce, Malam Ashafa, inda akwai tafki da sarƙaƙiyar da ya hana a sare. Shekara arba'in da ɗoriya Baba yana farauta a wurin, kuma ƙa'idar ba ta taɓa canjawa ba. In an ɗauke amfanin gona, Baba ya kai goro da sabuwar hula. Malam Ashafa ya ɗauki goro ɗaya ya ɓare, ya miƙa wa Baba ɓari, ya ci ɓari. Shi ke nan, an ba da izini. In bai ɓare ba, ka sha ruwa ka koma gida, kar ka tambayi dalili. Sannan duk naman da ya fara faɗuwa, cinyar dama ta mai ƙasa ce, a kai masa ita kafin a bar garin. Babu takarda, babu shaida, kuma ba a taɓa jin kansu ba.

To bara an yi wa Baba aikin ƙaba, yana kwance a ɗaki. Ni na kai goron, Malam Ashafa ya ɓare min duk da shi ma jikin babu daɗi, na shiga fadama ni kaɗai. Na kuwa samu gada, ta farko da na taɓa kayarwa ba Baba a gefena. Kuma ana gobe sunan 'yata Ikram.

Sai ka san majalisarmu za ka gane abin da ya hau kaina. Shekara da shekaru suna kirana maharbin hula, wai ni jakar Baba kawai nake ɗauka. Na tsaya a kan gadar nan da wuƙa a hannu, na ce wallahi yau sai sun gan ta da ƙafa huɗu. Na saɓa ta, na bi ta bayan gari na fita titi, ko sallama ban yi wa gidan Malam Ashafa ba. Na rataye ta a bakin lungu, aka yi ta ɗaukar hoto, masu tsokanar suka yi tsit. Ranar suna aka cinye ta, har da cinyar. Da na kai wa Baba romo a ɗaki ya ce, "Ka cire ta mai ƙasa?" Na ce na cire.

Bayan kwana biyu abin ya dame ni. Na je wurin mahauci na sayi cinyar wata 'yar ƙaramar akuya, na ƙyafe ta a wuta har ta yi baƙi, na naɗe a takarda na ba direban motar garin ya kai. A raina na ce ai nama nama ne. Wata biyu bayan nan Malam Ashafa ya rasu. Mun je ta'aziyya ni da Baba, ba wanda ya ɗaga maganar. Sai dai da muka shiga cikin gida gaisar da mata, babbar 'yarsa Larai, wadda ta yi jinyarsa tun da mijinta ya mutu ta dawo gida, ta amsa wa Baba har da kuka. Ni da na gaishe ta, sai ta juya ta gyara murhu.

Wannan ne abin da Baba bai sani ba ranar da ya aike ni neman izini.

Yanzu zamani ya canja, wannan gaskiya ne. Mutum ya ɗauko bindiga ya hau titi ba takarda, sai abin da ya gani. Ana buƙatar wasiƙar mai unguwa cewa ya san mu, da katin ƙungiyar maharba mai hoto, da sa hannun sarkin baka, da wata wasiƙar zuwa ga dagacin can. Na faɗa wa Baba haka, ya ce to a yi. Duk aikin nan, in mutum ya sa kansa, na kwana uku ne. Ni na mai da shi sati uku, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Mai unguwa ya rubuta min a zama ɗaya. Sarkin baka da ya ji sunan Baba, tashi ya yi da kansa ya nemo hatimi. Ni ne dai yau in ce hoton bai fito da kyau ba, gobe in ce hulunan biki sun yi min yawa, jibi in ce Juma'a ce. Har leda na saya na jera takardun a ciki, ina fito da su ina nuna wa Baba kamar wani abin kirki na yi.

Shamsiyya matata a gabanta aka dafa cinyar nan ranar suna, don haka ta san komai. Wata safiya tana yi wa Ikram wanka ta ce, ba ta ko ɗago kai ba, "Abban Ikram, ba takarda kake nema ba. Ɓuya kake yi."

Na yi mata tsawa, na ce me ta sani a harkar maza. Ta ce ita dai ta san idon Baba ba ya jiran hatimi. Na fita na bar karin kumallona a nan, don haushi, kuma haushin na cewa gaskiya ta faɗa.

Baba kuwa ya samo hanyar gwada idonsa. Kullum da hantsi zai zauna a bakin soro ya ƙirga tantabarun da suke sauka a kan katangar maƙwabcinmu. Satin farko ya ce bakwai, na ɗaga kai, bakwai ne cif. Sati na uku ya ce huɗu. Na ƙirga tara. Na ce, "Haka ne, Baba," na ci gaba da gugata, har na kusa ƙona hular mutane. Washegari na sayi goro mai kyau, na zaɓi hula a cikin waɗanda muke ji da su, na hau mota.

Na fara zuwa wurin dagaci. Ya karanta wasiƙa, ya sa hannu, ya ce shi ba shi da matsala, amma fadama tana da masu ita. Na wuce gidan marigayi, na tarar da Mikail, ɗansa namiji babba, a zaure. Muka gaisa, na ajiye goro, na miƙa hula. Ya sa ta a kai nan take, ya ciro waya yana duba kansa, ya ce kai, wannan hula ta zauna. Na baje masa takarduna ɗaya bayan ɗaya. Ya yaba da hatimin sarkin baka. Muka yi hirar taki, muka yi ta farashin masara, ni kuwa idona yana kan goron nan. Ya ƙi taɓa shi.

Da na gaji na ce, "Malam Mikail, goron fa?"

Ya ce, "Au, ai ba a gaya maka ba? Fadama ba tawa ba ce. Da aka raba gado mu maza gonakin bakin titi muka ɗauka. Fadama Yaya Larai ce ta ce ita take so."

Haba! Awa guda ina zuba a gaban mutum, hulata a kansa, ashe ba shi da ko taku ɗaya a wurin. Ni kuma ko sau ɗaya bai zo min a rai in tambayi wa ya gaji fadamar ba. Na ɗauka inda hula ta saba zuwa nan za ta ci gaba da zuwa. Na haɗiye abin da ya zo min baki, na ce to a yi min sallama da Yaya Larai.

Ya shiga da goron. Ya daɗe. Da ya fito hannunsa babu komai, ya ce ta ce in gaida Baba da jiki, in bar goron, za ta ba da amsa. Na ce yaushe? Ya ce ita dai haka ta ce. Hular kuwa bai cire ba, ni ma ban ce ya cire ba.

Na dawo na gaya wa Baba cewa fadama ta koma hannun Larai, kuma ta ce a jira. Ya yi murmushi ya ce, "Larai ai 'yata ce. A gabana aka yaye ta. Ba za ta hana ni ba." Kwana ɗaya, kwana biyar, kwana goma sha biyu, shiru. Na kira Mikail a waya ya fi sau goma, kullum amsarsa ɗaya, ba ta ce komai ba. A cikin kwanakin nan Baba ya daina ƙirga tantabaru. Zai fito ya zauna, ya fuskanci katangar, amma ba ya faɗin adadi, ni kuma ba na tambaya.

Ranar wata Talata da hantsi ina cikin wanki, sai ga adaidaita sahu ta tsaya a bakin lungu. Mace ta sauko, doguwa, ta haura arba'in, da mayafi ruwan ƙasa da ƙullin ganye a hannu. Tun daga nesa na gane ta, na kuma gane ƙullin. Ta wuce ni kamar ba ta ga mutum ba, ta yi sallama a soro, ta durƙusa ta gaida Baba.

Baba ya washe baki. "Larai? Ke ce da kanki? Shamsiyya, kawo ruwa, ga 'yata ta zo!"

Suka gaisa sosai, ta tambayi ido, ya tambayi yara da gona. Ta sha ruwa. Sannan ta tura ƙullin gabansa ta kwance. Baba ya kai hannu ya laluba. Goron nan ne, an yayyafa masa ruwa an adana shi da kyau, ko ɗaya ba a taɓa ba. Na ga murmushin ya bar fuskarsa.

Ya ce, "Larai, laifin me na yi?"

"Kai ba ka yi komai ba, Baba. Ban so in aiko da shi a hannun direba ba ne, shi ya sa na kawo da ƙafata." Sai a lokacin ta dube ni, ina tsaye a bakin ƙofa da kumfa a hannu. "Malam Ɗayyabu ya san dalili. In ya ga dama ya faɗa. In bai ga dama ba, ni na yi alkawari ba zan faɗa ba."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Na duba waje, na ga babu inda za ni. Na goge hannu a riga, na durƙusa, na faɗa. Ban rage komai ba, da ƙafa huɗun, da hoton, da ƙaryar da na yi masa a kan gadon jinya, da mahaucin, da ƙyafewar. Baba bai katse ni ba, bai kuma juyo inda nake ba.

Da na gama Larai ta ce, "To tunda ya faɗi nasa, bari in cika maka sauran. Lokacin nan mahaifina ya yi wata biyu ba abin da yake shiga cikinsa sai kunu. Ranar da ya ji ƙarar bindiga daga fadama, ya ce min, Larai, ɗora ruwa, yau akwai romo. Na ɗora. Ya sa aka fito da shi zaure, aka jingina shi yana kallon hanya. Ruwa ya ƙone na ƙara, ya sake ƙonewa na ƙara. Sai da aka kira magariba ya ce a mai da shi ɗaki."

Ta gyara mayafinta. Ba kuka take yi ba, da ma kukan ta yi da ya fi min sauƙi.

"Da saƙon ya zo, tun a hannu na san akuya ce. Amma na dafa, na ce ko Allah zai sa bakinsa ya manta. Cokali ɗaya ya kai. Ya ajiye, ya daɗe yana kallon kwanon. Sai ya ce min, kar ki gaya wa Modu, zai ji kunya."

Ina jin Shamsiyya a bayan labule tana jan hanci. Baba ya cire hularsa ya ajiye a gefe, abin da ban taɓa gani ya yi a gaban baƙo ba. Ya ce, "Larai, ki yafe mana. Ashafa ya tafi, ba ni da bakin roƙonsa sai a addu'a. Kin yi daidai da kika dawo da goron." Sannan ya ce, ba tare da ya kira sunana ba, "Mai da bindigar nan inda ka ɗauko ta."

Na tashi zan ɗauka. Larai ta ce, "Dakata."

Ta sa hannu a cikin ganyen ta zaɓi goro ɗaya, fari, ta ɓare shi da farce. Ta kama hannun Baba ta sa masa ɓari a tafi, ta kai ɗaya ɓarin bakinta.

"Wannan naka ne, Baba, kai kaɗai. Na so in ji ɗanka ya faɗa da bakinsa ne a gabanka. Ka shiga duk ranar da ka ga dama, bindigarka, hannunka. Shi in zai riƙe maka hannu ya riƙe, in zai ɗaukar maka buta ya ɗauka. Amma yatsansa kar ya taɓa kunamar bindiga a ƙasata."

Wallahi raina ya ɓaci. A cikin gidanmu, a gaban matata, mace ta zo ta yanka min doka kamar yaron da ya saci mangwaro. Bakina ya buɗe, sai na ga Baba yana tauna goron nan a hankali, hawaye yana bin gefen idon da ya mutu. Na rufe bakina na ce, "Na ji, Yaya Larai."

Ranar Alhamis muka tafi. Na naɗe bindiga a buhu, muka hau mota a Ƙofar Nassarawa. A hanya 'yan sintiri suka tsayar da mu sau ɗaya, na miƙa ledar takarduna, suka duba hoto suka dubi Baba, suka ce Allah ya ba da sa'a. Minti biyu ba su cika ba. Aikin da na ɓata sati uku a kansa ke nan.

Mun yi la'asar a masallacin garin, muka gaida Larai daga bakin ƙofa, muka gangara. Baba yana riƙe da kafaɗata, amma shi yake faɗa min hanya. Nan akwai tsamiya, bi ta hagunta. Nan gaba ƙasa za ta yi laushi. Duk inda ya faɗa haka yake. Da muka kai gindin gawasar da ya saba zama, ya tsinki busasshiyar ciyawa ya saki, ya tambaye ni ina ta faɗi. Na gaya masa. Ya ce iska tana gare mu, mu zauna. Ya ɗura bindigar da kansa, da lalube, bai zubar da ko ƙwayar albarushi ba. Ya ɗora ta a gwiwa, bakinta yana kallon tafki.

Muka zauna. Zabi suka zo suka sha suka tafi, bai motsa ba. Rana ta yi sanyi, inuwar gawasa ta miƙe har bakin ruwa. Ƙafata ta yi tsami, sauro ya same ni, ban ko kore shi ba. Ina ta addu'a a zuci, Allah ka kawo ta tun da sauran haske.

Sai ga ta. Ta fito daga sarƙaƙiya ta hannun dama, taku ɗaya ta tsaya, taku biyu ta tsaya, kunnuwa a miƙe. Tsakaninmu da ita bai fi taku ashirin ba, fili fetal, ko ganye babu a tsakani. Na matsa gwiwar Baba da yatsa, yadda shi ya koya min.

Ya ɗaga bindiga a hankali ya kafa a kafaɗa. Bakinta ya tafi dama, ya wuce gadar, ya dawo, ya sake wuce ta. Ya tsaya yana kallon wani kututture. Na kai bakina kunnensa na ce, "Hagu kaɗan, Baba. Ga ta nan a bakin ruwa." Ya matsa hagu. Ya runtse idon, ya buɗe, ya goge shi da bayan hannu. Ya daɗe a haka. Sannan ya sauke bindigar a kan gwiwarsa.

Ya ce a hankali, "Ba na ganinta."

"Baba, ga ta nan fa, daidai..."

"Na ce ba na ganinta. Hasken ruwan kawai nake gani." Ya karkato wajena. "Faɗa min. Namiji ne?"

Na ce namiji ne, da 'yan ƙahoni kamar yatsa. Ya ce ya jikinsa? Na ce ya yi ƙiba, gashin yana sheƙi, akwai baƙin layi daga goshi zuwa hanci. Ya ce ya sa baki a ruwa? Na ce yanzu ya sa, yana sha yana kaɗa wutsiya. Baba yana gyaɗa kai, kamar mai jin labarin wani ɗan uwa da ya daɗe bai gani ba.

Sai na ji ya turo min bindigar a cinya.

"Ungo. Harba."

Na dube shi.

"Daga gari ƙara kawai za su ji, ba wanda zai san hannun wa. In ji ƙarar nan ko sau ɗaya, in shaƙi hayaƙin. Harba, Ɗayyabu, kafin ya ɗago."

Har yau ban sani ba ko gwada ni ya yi ko da gaske yake. Na fi zaton da gaske yake, don Baba bai taɓa roƙona komai ba sai ranar. Bindigar tana hannuna, a ɗure, gada a tsaye ta ba ni haƙarƙari. Ko makaho aka saita wa zai same ta. Na so in harba, ba zan yi ƙarya ba, na so fiye da yadda na so bara. Na ɗauke hannuna daga wajen kunamar na riƙe ta ta tsakiya.

Na ce, "Baba, ba a ɓare min goro ba."

Gadar ta sha ta ƙoshi, ta ɗago, ruwa yana ɗiga daga bakinta. Ta dubi wajenmu, ta juya, tsalle biyu ta shige sarƙaƙiya. Baba ya ji motsin ganyen, ya juya kansa wajen.

"Ta tafi?"

"Ta tafi."

Ya miƙo hannu na ɗaga shi. Ya karkaɗe rigarsa, ya dafa kafaɗata. Mun yi taku kamar goma sannan ya yi magana, ba da faɗa ba, yadda yake gaya min farashin zare.

"Da ka san haka bara, da na gan ta da idona."

Muka hau gangaren, yana faɗa min inda tsamiya take.

Larai tana tsaye a ƙofar gida. Ta bayanta ina hango tsakar gida, tukunya a kan murhu, ruwa yana tafasa. Ta dubi hannuna, ta dubi kafaɗata, ta dubi bindigar.

Ta ce, "Ban ji ƙara ba, Baba."

Ya ce, "Ba mu samu ba, 'yata."

Ta daɗe tana kallona, wannan karon ba ta kau da kai ba. Sannan ta ce in kula da dokin ƙofa kar Baba ya yi tuntuɓe, ta shiga ta sauke tukunyar.